Sabon Dogo Na Zuwa Katsina, Ina Labarin Tsohon?

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san Ƙofar 'Yandaka. Ta nan mutanen Batsari da ƙauyukan yamma suke shigowa birni da kayansu, ta nan kuma Gwamna Lugga ya shigo a 1903. Ƙofar tana nan, kowa ya san ta, sunanta ba ya fita daga bakin 'yan kamasho. Amma ku dubi dama, ku dubi hagu. Ina ganuwar da ƙofar ta ratsa? Yawancinta ta zube. Wani wuri ruwan sama ya cinye, wani wuri an haƙe ƙasar an yi tubali, wani wuri kuwa gidaje sun hau kai. Ba wanda ya ƙi ganuwa. Ƙofa dai ana bin ta safe da yamma, ganuwa kuwa tun da yaƙin dawakai ya ƙare ba wanda ya sāke bukatarta. Abin da jama'a ke amfani da shi, shi ake gyarawa in ya tsage.

Mun kawo wannan ne domin maganar jirgin ƙasa, gama abin da ya sami ganuwar Katsina shi ne ke cin tsohon dogon da kakanninmu suka shimfiɗa, kuma zai iya cin sabon da ake kawo mana idan ba mu yi hankali ba.

Bari mu fara da labarin yadda aka yi jirgi ya tsallake Katsina. Turawa sun soma aikin dogo daga Baro a bakin Kwara a 1907, ya iso Kano a 1911. Daga nan Kano ta zama bakin tasha. Gyaɗar da manomin Katsina ya noma sai an ɗora wa jaki ko raƙumi, daga baya kuma mota, an yi tafiyar kilomita wajen 170 kafin ta ga tarago. Ribar da ke tsakani, dillalan Kano suka ci ta. A 1929 aka gama wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda. A 1930 aka kai wani daga Kano zuwa Nguru. Har Maiduguri ta sami nata a 1964, bayan samun mulkin kai. Birnin Katsina, wanda a zamanin dā ayarin raƙuma daga hamada suke sauke kaya a cikinsa, bai ga ko inci ɗaya na dogo ba.

Sai a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi. Tsawonsa kilomita 284 ne, zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sa'an nan ya ƙetare iyaka. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba aikin, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Watau shekara 110 cif bayan Kano ta ji kukan jirgi, sa'an nan aka sa hannu a na Katsina. Mutane da yawa a kudancin ƙasar nan sun yi gunaguni, suna cewa don me za a ci bashi a kai dogo wata ƙasa. Mu a nan mun san amsar. Sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya kora a Maraɗi suka kafa gari, har yau kuwa sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Gida ɗaya ne iyaka ta raba. Akwai matar da 'yarta ke aure can, akwai mai awon hatsi da ke da abokin ciniki can tun zamanin ubansa.

Muna murna da wannan aiki. Amma murna ba ta hana tambaya. Wa zai hau jirgin?

Tambayar ba ta wasa ba ce. In kun saurari manyan da ke magana a kan layin nan, yawancin zancensu na kaya ne: kwantena daga Ikko, man fetur, siminti, kayan da Nijar za ta riƙa shigowa da su ta tashoshin jiragen ruwanmu. Wannan duka daidai ne, kuma kaya su ne ke riƙe da reluwe da yawa a duniya wajen kuɗi. Sai dai jirgin kaya wucewa yake yi. Zai ratsa gonar mutum da dare, ya tashe shi daga barci, ya wuce Maraɗi. Manomin da aka yanki gonarsa aka shimfiɗa dogo, abin da zai samu daga irin wannan jirgi ƙara ce da ƙura. Jirgin da zai amfane shi shi ne wanda zai tsaya a tashar da ke kusa da ƙauyensa, ya shiga da buhun wakensa biyu da akuyarsa, ya biya kuɗin da bai kai na mota ba, ya sauka birni ya sayar, ya komo gida ya kwana.

Kowa ya ga abin da ya faru da kuɗin mota tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023. Akwai mutanen da suka daina zuwa gaisuwar rasuwa saboda kuɗin mota. Akwai masu ciwon da aka bari a gida har abin ya yi tsanani, gama kai su babban asibiti a birni sai an sayar da dabba. Masu kayan gwari sun fi kowa sani: in kuɗin ɗauko kwandon tumatir ya kusa kai kuɗin tumatir ɗin, gara a bar shi ya ruɓe a bakin fadama. Dalilin da ya sa jirgi ke da araha kuwa ba wani sihiri ba ne. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da jan ƙasa irin na taya a kan kwalta, saboda haka kai ɗaya da direba ɗaya suna jan mutanen da za su cika motoci da dama, da man da bai kai nasu ba. Ga kuma hatsari. Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san gawarwakin motocin da ke kwance a gefenta.

To, amma sabon dogo ba lalle ne ya zama jirgin talaka ba. Mun ga misali kusa da mu. A 2016 aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, jirgi mai kyau, mai sanyi. Mutane suka yi ta rububinsa, musamman da hanyar mota ta zama ta masu satar mutane. Sai dai ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa ne suka fi cin moriyarsa. Tashar Rigasa tana can bayan gari, ta Idu ma haka, sai ka biya wani kuɗin kafin ka kai inda za ka hau. A 2021 aka koma sayar da tikiti ta intanet domin maganin 'yan bumburutu. Dabara ce mai kyau ga mai babbar waya da asusun banki. Tsohuwar da ta ƙulle kuɗinta a bakin zane fa?

Ƙasar Tanzaniya ta nuna wata hanyar. Dogon da Sinawa suka gina daga Darussalam zuwa Zambiya, wanda aka gama a 1975, domin jigilar tagulla aka yi shi. Amma da yake akwai jirgi mai tsayawa a ƙananan tashoshi, manoman da ke gefen layin suka mai da shi nasu. Shinkafa, ayaba da masara suka riƙa shiga birni a kansa, kasuwanni suka tsiro a bakin tashoshi. Ba abin da ya kawo haka sai tsayawar jirgi.

Nijar kuwa ta nuna abin da ba ma so. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a 2016, amma bai zama abin hawan jama'a ba. Ƙarfe ya yi ta shan rana. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Yanzu mu koma kan tsohon dogo, wanda shi ne mutane suka fi mantawa. Jihar Katsina ba baƙuwar jirgi ba ce, birnin ne kaɗai baƙo. Funtuwa jirgi ne ya raya ta. Kafin zuwan dogo ba wani babban gari ba ce. Da aka kafa tasha sai ga injin gurzar auduga, ga sito-sito na kamfanonin gyaɗa, ga baƙi daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo da Nufawa sun zo sun kafa unguwanni, har garin ya zama na biyu a jihar. Audugar Malumfashi da Bakori da Daudawa ta tashar Funtuwa take fita. Tsofaffin da suka yi wayo a shekarun 1950 da 1960 suna iya ba ku labarin yadda ake gane lokaci da kukan jirgi, da yadda 'yan talla ke cika bakin tasha da dafaffen ƙwai da rake da fura, da yadda ɗalibi ke hawa da akwatinsa na ƙarfe ya tafi makaranta Zariya ko Kaduna.

Yau fa? Shekaru masu yawa ke nan mutanen layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ba su da jirgin da za su dogara da shi. An yi ta ba da kwangilar gyara, an yi ta alkawari. Ita hukumar reluwe, wadda aka kafa a 1955, ta soma rauni tun a shekarun 1970, har gwamnati ta ɗauko Indiyawa suka riƙe ta daga 1979 zuwa 1982. Al'amura sun ɗan miƙe a hannunsu, suna tafiya kuma aka koma gidan jiya. A ƙarshen 2012 an farfaɗo da jirgin Ikko zuwa Kano, mutane suka cika shi maƙil duk da tafiyar tana cin fiye da kwana guda, wanda ya nuna cewa ba fasinja ne suka guji jirgi ba. Abin bai ɗore yadda aka so ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Layin da jirgi ba ya bi, ciyawa ce ke fara rufe shi. Daga nan mai gona ya matso da kunyarsa. Daga nan a kwance ƙusoshi, a zare ƙarafan da dogo ke kwance a kai, a ƙarshe a zo da injin yankan ƙarfe da dare. Jami'an tsaro sun sha kama tireloli shaƙe da yankakken dogo a Kaduna da Nasarawa da wasu jihohi, ana shirin kai wa masu narka ƙarfe. Ɓarayi ne, ba shakka, a hukunta su. Amma mu faɗi gaskiya: ba mai iya yanke dogon da jirgi zai bi gobe da safe ba tare da gari ya tashi ba. Wanda aka bari shekara goma ba motsi, shi ne ake ɗauka kamar ba mai shi.

Ga wani abin da ya kamata masu karatu su sani. Tsohon dogo da sabon ba faɗinsu ɗaya ba. Tsakanin ƙarafa biyu na tsohon ƙafa 3 ne da inci 6, na sabon kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Jirgin wannan ba ya hawa kan wancan. Ma'anar haka ita ce, ranar da sabon layi ya haɗe daga Ikko zuwa Maraɗi, za a sami masu cewa tsohon ba shi da sauran amfani, a tattara a sayar. Amma sabon layin Kaduna zuwa Kano, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ba ta Funtuwa zai bi ba, balle Gusau. In aka bar tsohon ya mutu, kudancin jihar Katsina da Zamfara duka sun fita daga taswirar jirgi, alhali su ne rumbun masara da dawa da auduga. A Funtuwa ɗin nan kuwa aka kafa tashar sauke kaya ta kan tudu, wadda ba ta da ma'ana sosai in ba jirgi.

An taɓa yin irin wannan ɓarna a ƙasar nan. Akwai wani siririn dogo daga Zariya zuwa Jos, wanda aka gama a 1914 domin kwasar kuza. A 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafan. Garuruwan da ya ratsa ba su sāke ganin jirgi ba. Abin da ya rage sai 'yan kawunan jirgin da aka ajiye a gidan kayan tarihi na Jos.

Saliyo ta yi wanda ya fi wannan. A 1974 gwamnatin ƙasar ta rufe reluwenta gaba ɗaya, bisa ga shawarar cewa hanyar mota ta fi. Aka tumɓuke dogo aka sayar. A 1975 waɗansu masu sha'awar tsofaffin jirage daga yankin Wels na Birtaniya suka zo suka sayi kan jirgi guda da 'yan taragu, suka kai ƙasarsu, suka gyara, masu yawon buɗe ido suka riƙa biyan kuɗi suna hawa. Abin da aka ce gwangwan ne a Afirka ya zama abin neman kuɗi a Turai. Sauran da suka tsira a wata tsohuwar ma'aikata a babban birnin ƙasar, da su aka buɗe gidan tarihin reluwe a 2005. Aiki ne mai kyau, muna yaba wa waɗanda suka yi shi. Sai dai yaron Saliyo yana iya taɓa tarago, ba ya iya hawa ya je garin kakarsa. Gidan tarihi da babu jirgi mai tafiya a bayansa ya yi kama da maƙabarta.

Za a sami mai cewa: wane tarihi? Ai dogon nan Bature ya gina shi domin ya kwashe gyaɗarmu da audugarmu da kuzarmu ya kai ƙasarsa. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Dubi taswira ma kaɗai ya isa, layukan duka daga gona da mahaƙa suke gangarawa bakin teku. Amma wa ya haƙa ƙasar? Wa ya ɗauki kwandon tsakuwa a ka? Kakanninmu ne, da yawansu kuwa ba da son ransu ba, hakimai da dagatai aka ɗora wa su kawo lebura ƙauye ƙauye. Waɗansu ba su komo ba. Bature ya zana, ya tafi. Gumin da ke ƙarƙashin dogon namu ne. Ma'aikatan reluwe ne kuma, a ƙarƙashin Michael Imoudu, suka zama ƙashin bayan babban yajin aikin 1945 da ya girgiza mulkin mallaka. In muka bar 'yan gwangwan suka auna wannan a sikeli, ba Bature muka yi wa hasara ba.

Katsinawa sun san darajar irin wannan ajiya. Hasumiyar Gobarau tana tsaye. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, shi ma Bature ya kawo shi, amma ba wanda ya ce a rushe, gidan kayan tarihi aka mai da shi. A Ikko waɗansu masu kishi sun gyara wani tsohon gida na 1898 a harabar reluwe ta Ebute Metta, wanda ake kira Gidan Jaekel, suka tara hotuna da kayan aiki a ciki. Kenya tana da nata a Nairobi tun 1971. Mu a Arewa, inda yawancin tsawon dogon ƙasar nan yake, me muka ajiye?

Abin da muke roƙo ba mai yawa ba ne. A kan sabon layi, muna so tun yanzu wakilanmu na majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi su nemi a rubuta musu a takarda cewa za a sa jirgin talakawa aƙalla ɗaya kowace rana, mai tsayawa a kowace tasha, da tarago na kaya da ƙananan dabbobi, da tagar da mutum zai miƙa kuɗi a hannu a ba shi tikiti. A duba ranakun kasuwar Daura da Mashi da Jibiya kafin a tsara lokacin tashi. Duk inda tashar Katsina take, a haɗa ta da tashoshin mota na ƙofofin birni, domin mutumin Batsari da ya sauka a Ƙofar 'Yandaka ya san motar da zai shiga ta kai shi bakin jirgi da kuɗi kaɗan. A bar wa shanu mashiga a inda dogo ya yanke burtali, in ba haka ba za a sayo mana sabuwar rigima tsakanin manomi da makiyayi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In an bari sai an gama gini, an raba kwangilar sayar da tikiti, magana ta wuce.

Ba mu manta da tsaro ba. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa wa jirgin Kaduna bam, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60, jirgin bai koma aiki ba sai a watan Disamba. Mutanen Jibiya da Batsari ba sa bukatar a ba su labarin 'yan bindiga. Soja da 'yan sanda dole ne. Amma soja ba zai tsaya a kan kowane kilomita ba. Wanda zai fara ganin baƙuwar fuska tana tono a gindin dogo shi ne manomin da gonarsa ke wurin, da yaron da ke kiwo. In jirgin yana tsayawa a garinsu, matarsa tana sayar da ƙosai a tasha, da gudu zai kai wa mai unguwa labari. In kuwa wucewa kawai yake yi da manya a ciki, zai ce ba ruwansa.

A kan tsohon layi kuwa, ko ba a iya tayar da shi duka yanzu ba, a fara da Zariya zuwa Funtuwa, wanda bai kai kilomita 100 ba. Ko sau biyu a mako ne, jirgi ya bi. Wannan kaɗai ya isa ya kori ciyawa da ɓarawo. Ginin tashar Funtuwa a gyara rufinsa, kada a rushe a yi shaguna. A ware ɗaki ɗaya a ciki a tara abin da ya rage: ƙararrawa, fitilun hannu, sikelin kaya, tsofaffin tikiti, littattafan shugaban tasha, hotuna. A nemo tsohon kan jirgi guda a tsayar a inuwa. Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Sufuri a Daura. Ɗaliban da za su koyi aikin jirgi a can ya kamata su sami wanda za su buɗe cikinsa su gani, su kuma san cewa sana'ar tana da iyaye a jiharsu.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira gwamnati ba, shi ne ma ya fi gaggawa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna nan a Funtuwa da Zariya da Gusau da Kano: direbobi, masu zuba kwal, masu duba dogo da ƙafa, masu sayar da tikiti. Wanda ya kama aiki yana saurayi a 1960 yanzu ya haura shekara 80. Kowace damina ana rasa waɗansu. Malaman makaranta da ƙungiyoyin matasa da na gama kai, kusan kowannenku yana da wayar da ke ɗaukar murya. Ku je ku gaishe da tsoho, ku zauna. Ku tambaye shi sunayen tashoshin da ke tsakanin Zariya da Ƙauran Namoda ɗaya bayan ɗaya, da inda jirgi ke shan ruwa, da nawa ake biya daga Funtuwa zuwa Zariya, da inda ruwa ya saba wanke dogo da damina. Wannan na ƙarshe, injiniyan da za a turo gyara wata rana zai biya kuɗi ya ji shi.